Ƙwaryar Inna a Okayama

Tottori, Japan
Laraba, farkon Nuwamba

Assalamu alaikum Yaya Shafa'atu,

Ina gajiya, ya aiki, ya 'yan makarantar taki ta Bungudu? Ciwon bayan nan ya sake ki? Ya su Inna da Kawu Bashiru a Tudun Wada? Mu nan lafiya lau ni da mutumin naki, sai sanyi da ya fara leƙowa. Tunda kin ce saƙon murya ba ya buɗe miki sai kin fita bakin titi, ga shi na rubuto. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda karatuna ya tsaya.

Yaya, na je yawon buɗe ido. Malamin da ke duba karatun mutumin naki a kan noman gero shi ya gayyace mu garinsu, Okayama, mu gaida tsohuwarsa. A jirgin ƙasa muka tafi. Muna ta shiga cikin duwatsu muna fitowa, ni kuwa duk dutsen da na gani sai Kwatarkwashi ya faɗo min a rai, da yadda muke leƙensa ta tagar mota in za mu Gusau sayen kayan salla.

Da fari sun kai mu wani lambu na sarakunansu na da. Yanzu kaka ce a nan, ganyaye sun yi ja kamar an ƙunsa musu lalle. Akwai tafki cike da kifaye manya manya masu ja da fari, suna zuwa har bakin ƙafarki suna buɗe baki, kuma ba mai kama su. Na ce wa mutumin naki da a gida ne da tuni sun sha yaji. A tsakiyar lambun har da 'yar gonar shinkafa, an riga an girbe. Na tsaya ina kallon kututturen, malamin ya zaci kyan wurin ne ya kama ni. Ni kuwa fadamar Kaka Jatau ta 'Yankuzo nake gani, Allah ya ji ƙansa. Ƙetaren kogi kuma ga wata tsohuwar fada baƙa ƙirin, wai fadar hankaka suke ce mata. Na hau har sama, gwiwata ta gaya min.

Abinci kuwa, hmm. An kawo mana shinkafa mai sanyi da ɗan tsami, an jera mata kifi da ƙwai da ganye a kai kamar kayan lefe. Sai da mutumin naki ya tambaya ya sake tambaya ko ba alade ba giya, sannan muka sa hannu. Hannu fa na ce, tsinke biyu ne. Na gaji da kokawa da su na soke su a tsakiyar shinkafar in huta, sai na ga mutumin naki ya fizge su kamar wuta ta kama. Ashe mamaci ake yi wa haka a wurinsu. Kuma in suna shan taliya zuƙa suke da ƙara, manya da furfura. Da a gaban Inna ne da ludayi ya yi aiki.

Abin da ya gama da ni shi ne wani abu da suke ce wa kibi dango. 'Yan dunƙule ne ƙanana da gari a jikinsu, sak fura, wai har da irin geronsu a ciki. Na jefa a baki da murna, sai na ji zaƙi da danƙo, ba citta ba kanumfari. Wallahi sai da na yi ƙwalla a tsakiyar kanti.

Tsohuwar malamin sunanta Mama Fumiko, ta haura tamanin, 'yar firit kamar Inna. Ta rataye wasu 'ya'yan itace a ƙarƙashin rufi suna bushewa, yadda Inna ke rataye masarar iri. Ta shigar da ni ɗaki mai tabarma mai ƙamshin ciyawa, muka yi zaman tahiya, ta kaɗa min wani koren shayi mai ɗaci kamar shuwaka. Kafin a sha sai an gaisa, an juya kofin a tafin hannu. Ƙafata ta mutu murus, sai da rarrafe na fito.

Hotuna suna guruf ɗin gida. Ki nuna wa Inna in kin shiga Gusau, ki ce Akunta sarkin surutu na gaishe ta.

Ƙanwarki,
Muzdalifa

Bungudu
Lahadi

Wa'alaikumus salam Muzdalifa,

Saƙonki ya iso, na yi dariya har abokiyar aikina ta tambaye ni ko lafiya. Bayan da sauƙi. Kowa lafiya, Inna ma ƙafar ce kawai. Ki gaida maigidan naki Abdulsamad.

Sai dai akwai magana. Goggo Sadiya ta zo daga Tsafe ranar Juma'a duba Inna, ta riga ni nuna mata hotunan. Da suka kai kan wanda kike durƙushe gaban tsohuwar nan, goshinki dab da tabarma, Goggo ta hau salati, wai kin je ƙasar mutane kina yi wa mutum sujada. Ba na nan, Kawu ne ya ba ni labari. Ya ce Inna ta karɓi wayar, ta sa aka ƙara mata girman hoton, ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙa ta juya fuska bango.

Jiya na je na ce bari in kira ki ku gaisa. Ta ce a'a, abin da ta gani ya ishe ta. Kin san Inna, duk faɗanta ba ta taɓa ƙin jin muryarki ba.

Ki cire hoton nan daga guruf da sitatus. Ba komai ne ake ɗorawa ba, na sha gaya miki.

Yayarki,
Shafa'atu

Tottori
Litinin

Yaya, ina wuni, ya jikin Inna, ya ƙafar tata?

Na cire hoton tun kafin in gama karanta saƙonki. Amma don Allah ki gaya wa Inna ba sujada ba ce. Wallahi goshina bai taɓa ƙasa ba. Gaisuwarsu ce, su ko mai kanti in ya miƙo miki kaya sai ya rusuna, ko a waya suke magana sai ki ga mutum yana sunkuyawa shi kaɗai a bakin titi. Tsohuwa ta kai sa'ar kakata ta sunkuya min, ni sai in tsaya ƙiƙam kamar turmi?

Mu ma ba haka aka rene mu ba? Kin manta a 'Yankuzo, da sassafe Inna ke tasa mu gaba ɗaki ɗaki, mu durƙusa wa Kaka Jatau a zaure, mu durƙusa wa matan gidan Liman, raɓa tana jiƙa mana zane? Ke kina gaisuwarki a natse, ni ina leƙen ƙosan da ke gefen tabarma. Wanda ya gaida babba a tsaye a gidan nan ai ranar sai ya ji a kunnensa. Abin da aka koya min na yi.

Duk da haka na sa mutumin naki ya tambayi malamin da ke musu limanci ranar Juma'a, wani ɗan Indonesiya. Ya ce a riƙa taƙaitawa, ɗan sunkuyar da kai ya isa. Na ji na ɗauka. Ki gaya wa Goggo Sadiya ma, tunda na san zuwa yanzu maganar ta zagaye Tsafe ta dawo.

Na kira wayar Kawu ɗazu. Ina jin tarin Inna kusa da shi, ina jin ƙarar carbinta, ta ce masa ya ce min tana barci. Yaya, kakar da ta goye ni tun rasuwar Umma. Tun da na zo ƙasar nan ba Juma'ar da ba ta tambaye ni me na ci ba. Ni a nan ba ni da kowa sai wayar nan. Mutumin naki yana fita tun safe wajen geronsa, in ya dawo ya gaji. Maƙwabta kuwa shiru kamar ba mutane, ko kukan akuya babu.

Ki lallaɓa min ita.

Muzdalifa

Tottori
Alhamis ta sama

Yaya, lafiya kuwa? Saƙona yana nuna bai ma shiga ba. Na kira Kawu bai ɗauka ba, Goggo kuwa ba zan kira ta ba. In wani abu ya samu Inna kada ki ɓoye min don ina nesa. In kuma ke ma fushin kike yi, ki faɗa min ko kalma ɗaya ce. Ko abinci ba ya min daɗi, dama can ba daɗin ne da shi ba.

Muzdalifa

Bungudu
Asabar

Muzdalifa,

Kwantar da hankalinki, kowa lafiya. Sabis ne ya ɗauke mana gaba ɗaya a wannan yankin, ga jarrabawar yara. Jiya na samu na shiga Gusau, na karanta wa Inna saƙonninki duka.

Ni da ke da Goggo duk mun yi kuskure. Da na kai wajen maganar sujada, Inna dariya ta yi. Ta ce, "Wagga da sai an yayyafa mata ruwa take tashi asuba, ita za ta yi wa wani sujada? Gaisuwa ta yi, kuma ta yi daidai." Na ce to Inna me ya yi zafi? Ta ce in buɗe hoton, dama yana cikin wayata. Ta ce in bar kallon ki, in dubi bayan tsohuwar.

Muzdalifa, a wani ɗan lungu na bango, ƙarƙashin wani dogon rubutu, kusa da reshen fure, ƙwaryar Inna ce a ajiye. Ga karkataccen ɗinkin nan a gefe, ba mai ɓata shi.

Ko kin manta abin da ƙwaryar nan take, bari in tuna miki. Ta uwar Inna ce. A cikinta aka dama furar da muka sha tun muna rarrafe. Da saniya ta harbe ta ta tsage, Kaka Jatau ya hana a kai wa gyartai, ya zauna a gindin tsamiya ya ɗinke da kansa, ɗinkin ya fito a karkace, Inna ta yi ta tsokanarsa da shi har ya bar duniya. Ranar da aka bar 'Yankuzo saboda 'yan bindiga, ta bar kwallayenta, ta bar gadonta, ta bar rumbu cike. Ƙwaryar nan kaɗai ta rufo a ƙarƙashin mayafi har Gusau. Kabarin Kaka ba ya ziyartuwa yanzu. Ɗinkin nan ne ya rage mata na hannunsa.

Kuma ni na girme ki, ni na fara aure, ba ta ba ni ba. Na haƙura, don ke ce za ki nesa.

Ga abin da ta ce, yadda ta faɗa: "Na ba ta don ta sha hura ta tuna gida, ta maishe ta tsaraba."

Ki gaya min yadda aka yi. Gaskiya nake so, ba surutu ba.

Shafa'atu

Tottori
Lahadi

Yaya, ina kwana. Alhamdu lillahi da kuna lafiya. Na karanta saƙonki na zauna a ƙasan kicin na yi kuka na gode Allah.

Ban ba da ita ba. Wato na ba da ita, amma ban ba da ita ba. Bari ki ji.

Tun kafin mu tafi mutumin naki ya ce min Mama Fumiko tana son tsofaffin kofuna, wai tana da wani da ya fashe aka liƙe shi da ruwan zinari, kuma ta fi ji da shi a kan sababbi. Sai na ce a raina ai mu ma muna da irin wannan, bari in kai mata ta gani. Kin san ni da son nuna abu. Tsarabarta daban muka saya, kwalin alewa, tunda kilishin da na zo da shi tun a filin jirgi aka karɓe, ba a shiga da nama ƙasar nan. Ƙwaryar kuwa na naɗe ta a ɗankwalina na sa a jaka.

Bayan shayi mazan suka fita bayan gida tsinko 'ya'yan itace, aka bar ni da ita, ba na jin nata ba ta jin nawa. Na fito da ƙunshin na tura mata da hannu biyu, don ladabi. Ta hau kaɗa hannu tana ja da baya. Na zaci kunyar taɓawa take, na ƙara turawa ina ce mata da Hausa ki duba mana Mama, ki taɓa. Ta sake ƙi, na sake turawa. Ashe a wurinsu haka ake karɓar kyauta, sai an ƙi an ƙi sannan a karɓa. Kuma abu a naɗe cikin ƙyalle, a miƙa da hannu biyu, kyauta ce kai tsaye.

Ta kwance, ta ɗaga ƙwaryar har goshinta, ta bi ɗinkin Kaka da yatsa a hankali tun daga sama har ƙasa. Ta tashi ta kai ta lungun nan, wanda nan ne wuri mafi daraja a ɗakin, ba wurin tsafi ba ne. Sannan ta ninke ɗankwalina tsaf ta miƙo min shi shi kaɗai. A nan na gane ta ɗauka kyauta ce. Mazan suka shigo, aka ce a yi hoto, na yi murmushi, har gaisuwar ban kwana aka ɗauka.

A jirgi na gaya wa mutumin naki. Ya riƙe kai. Ya ce uwar malaminsa ce, ta riga ta yi godiya a gaban ɗanta, da wane baki za a ce ta dawo da ita? Ya ƙara da cewa ko a gida wa ke kyauta ya karɓe. Na ce ni ai ban yi kyauta ba. Ya ce ita ta karɓi kyauta.

Duk hotunan sai da na yanke lungun kafin in tura, wannan ɗaya ne ya kuɓuce min. Idon Inna kuwa ko allura ba ta ɓace masa.

Ki karanta mata duka, kada ki gyara komai. In ta ce in je in karɓo, zan je, ko mutumin naki zai yi wata bai kula ni ba.

Muzdalifa

Gusau
Juma'a

Muzdalifa,

Ina Tudun Wada, daga ɗakin Inna nake rubuto miki. Jiki da sauƙi, har ta fita tsakar gida yau.

Na karanta mata. Wajen da kike tura ƙunshi tsohuwa na turowa, na ga bakinta ya motsa, amma ta danne dariyar. Da na gama ta tambaye ni ko matar tana da shanu. Na ce ban jin tana da su. Ta ce to mi take zubawa a ciki? Na ce ba komai, ajiye ta ta yi tana kallo.

Nan ne ranta ya ɓaci fiye da na farko. Ta ce ƙwarya ba madubi ba ce. In ta daɗe ba ta ga nono ba bushewa take, ɗinkin ya saki, tsagar ta ci gaba. Ta ce, "Ki ce ma waccan ta tahi ta dama hura a ciki. Kuma kada a sa mata sabulu, kada a shanya ta a rana, a kife ta a inuwa."

Na tambaye ta ko ki karɓo. Ta ce ita abin da ta ce ke nan. Na ce ko za ta gaya miki da bakinta, ta ɗauki carbi.

Har yanzu "waccan" take ce miki, ba ta koma Aku ba. Amma ta yi maganarki, wannan ma ci gaba ne.

Shafa'atu

Tottori
Talata, tsakiyar Disamba

Assalamu alaikum Yayata,

Ya sanyi, ya hutu, ya Innata? Ki yi haƙuri da shirun, sai da na jira mutumin naki ya samu sarari. Nan ƙanƙara ta fara zuba, na sa safa uku.

Mun koma Okayama. Mutumin naki ya ce wa malaminsa ina son in dafa wa tsohuwa abincin garinmu a cikin ƙwaryar, iyakar abin da ya faɗa ke nan. Malamin ya ji daɗi, har ya ɗebo min gero daga ragowar gonar gwajinsu. Gero na gaske, Yaya, irin namu. Na buɗe ledar na shaƙa, sai ga ni a masussukar 'Yankuzo, ƙaiƙayi a wuya, Inna na sheƙa tana mana faɗa mu matsa daga bakin iska.

Na niƙa a bilenda tun daga gida, da cittata da kanumfari da masoro da na zo da su. A kicin ɗin Mama Fumiko na dunƙula na dafa. Ba turmi, sai wani kaskon ƙasa mai zane a ciki da 'yar muciya, ita ta riƙe min ni ina kirɓawa, muna ta dariya ba mai jin wani. Nono kuwa yogot na kanti na samu marar sukari. Ba ludayi, ta ba ni wata 'yar moɗa ta gora da take ɗiban ruwan shayi da ita.

Ta ɗauko ƙwaryar da kanta daga lungu. Na dama. Na miƙa mata, mazan suna zaune a gefe.

Yaya, ta karɓa da hannu biyu, ta ɗora a tafin hagu, ta dubi ɗinkin, sai ta juya ƙwaryar a hankali har ɗinkin ya bar wajen bakinta, sannan ta sha. Ban san lokacin da kuka ya ƙwace min ba. Kin tuna dokar Inna, ba a sha ta wajen ɗinki, duk wanda ya kafa baki a nan ludayi ne a ka. Mutumin naki ya ce a wurinsu ba a sha ta fuskar kofi, girmamawa ce, ita kuma ta ɗauki ɗinkin shi ne fuskar.

Ta rikice tana tambayar me ya faru. Mutumin naki yana hararata, ni kuwa bakin Aku ya riga ya buɗe. Na faɗi komai, saniya, tsamiya, Kaka Jatau, ranar da aka gudo, fushin Inna. Dole ya fassara, tunda kowa shi yake kallo.

Tsohuwar nan ta kifa kanta ta daɗe ba ta ɗago ba. Da ta ɗago ta ce tun ranar ta san wannan ba kayan kasuwa ba ne, kyautar ta yi mata nauyi, ta rasa me za ta rama min da shi, har ta tambayi ɗanta ko haka mutanen ƙasarmu suke kyauta. Sannan ta ce ita ma tana ƙarama wuta ta cinye garin nan lokacin yaƙi, uwarta ba ta fita da komai ba sai ita a goye. Ta ce in gaya wa Inna ta fi uwarta sa'a, ta fita da abu ɗaya.

Ta shanye furar tas, duk da na ga yajin ya sa ta ƙwalla. Ta wanke ƙwaryar da ruwan ɗumi, ban ma kai ga maganar sabulu ba, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta goge, ta naɗe a wani shuɗin ƙyalle nata, ta tura min da hannu biyu. Ni ko ƙi ɗaya ban yi ba, na rungume abata.

Ga ta nan a kife a kan firij, inda rana ba ta kaiwa. Malamin bai ji haushi ba, shi ma haƙuri yake ta bayarwa. Sai dai da muka fito na waiwaya na ga lungun nan wayam, tsohuwar tana tsaye a ƙofa cikin sanyi tana sunkuyawa har muka sha kwana. Abin ya tsaya min a rai.

Mutumin naki ya ɗauki bidiyon damun da shan, na tura miki ke kaɗai, ban sa a sitatus ba, ki shaida. Ki ce wa Inna ƙwaryarta ta dawo.

Taki,
Muzdalifa

Gusau
Asabar

Wa'alaikumus salam Muzdalifa,

Muna lafiya, an yi hutu, ina Tudun Wada har ƙarshen wata. Goggo Sadiya ma tana nan, ta ce in gaishe ki, wai ita dama ta san ba za ki yi sujada ba.

Bidiyon ya sha kallo har cajina ya ƙare. Inna ta sa na yi ta maido mata wajen da tsohuwar ke juya ƙwarya. Ta ce wa Goggo, "Kin gani? Wagga ta san bakin ƙwarya." Da na karanta mata maganar wuta da goyo, ta ja mayafi ta rufe fuska, muka ba ta wuri.

Da la'asar ta kira ni ta ce in rubuta, ga shi kamar yadda ta faɗa.

Ta ce ki maida ƙwaryar gidan tsohuwar. Na ce Inna, bayan duk wannan? Ta ce abin da aka riga aka ɗaga har goshi ba a raba shi da mai shi da kuka. Ta ce ke a ɗakin haya kike, yau nan gobe can, kan firij ba mazaunin ƙwarya ba ne. Ita kuma nan, duk sanda aka ce an ji motsi a hanyar Tsafe, da tana lalubar inda ta ajiye ta. "Na gaji da gudu da ita," in ji ta. "A bar ta inda ba mai tashin ta."

Amma ajiya ce, ki sa Abdulsamad ya fassara wannan da kyau, kada a sake. Sharaɗin shi ne ki riƙa zuwa kina dama fura a ciki kuna sha tare. Ta ce kin ce ba ki da kowa a can sai waya, to ga tsohuwa Allah ya ba ki, ki je ki riƙa durƙusa mata. Ranar da hanyar 'Yankuzo ta buɗe, za a aika a karɓo.

Sannan ta jawo jakarta ta ƙarƙashin gado ta fito da ludayin. Ashe shi ma ta fito da shi, a ƙugu ta soke shi ranar, ba wanda ya sani. Na zaci cewa za ta yi in aika miki. Sai ta danƙa min ta ce wannan nawa ne, in kuna son damu na gaskiya sai kun haɗu. Na karɓa da hannu biyu.

Saura saƙo na ƙarshe. Ta ce ki kira wayar Kawu ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ki cika waya da data, don maganar tana da tsawo. Na tambaye ta wace magana kuma. Ta ce, "Ki ce ma Aku hurar nan duk gudaji ce, na gani da idona. A gaban baƙi ta kunyata ni."

Yayarki,
Shafa'atu